Wane Kare Zan Saya Don Farautar Barewa?

Dan_Gangare: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wajen manya. Shekara biyu ke nan ina bin abokaina farauta ta wajen Toro da Magama Gumau idan an gama girbi, amma ni ɗan rakiya ne, ba ni da kare ko ɗaya, daga gora sai jarkar ruwa. Duk abin da aka kamo sai dai a yanko min 'yar tsoka don kunya. Bana na ɗan samu rara a dankali, na ce bari in sayi nawa karen. Burina barewa, ba zomo ko gafiya ba. Wani mai kiwon karnuka ya nuna min ɗan kwikwiyon Boabul, irin ƙattin karnukan gadin nan, ya rantse min in ya girma ko gwanki ne zai kayar. Kuɗin da ya faɗa kuwa ya kusa sayen babur na hannu. A YouTube kuma na ga Turawan Amurka suna korar barewa da wasu karnuka masu dogayen kunnuwa. To wanne ya fi, na Turawa ko namu na gida?

Sarkin_Yawo: Boabul a farauta? Ka haɗa da baro, don a ciki za ka turo shi gida.

Baba_Mai_Karnuka: Wa alaikumus salam. Yaro, riƙe kuɗinka tukuna. Na fara bin mahaifina daji tun ban iya ɗaure wando ba, yau ga furfura har a gira, ban taɓa ganin karen gadi ya zama karen farauta ba. Boabul kare ne mai nauyi, ƙirji kamar na ɗan dambe, aikinsa ya tsaya a ƙofar gida ɓarawo ya gan shi ya canza shawara. Barewa kuwa ba kokawa take yi ba, gudu take. Kafin ya ɗaga ƙafa goma ta zama ƙura. Kuma daji wuni ake yi, daga asuba har la'asar sakaliya, wani lokaci ba ruwa sai wanda ka goyo. Ƙaton kare kafin azahar harshe ya zazzago, ya nemi gindin ɗorawa ya kwanta, kai kuma ka koma ɗan jinya.

Abin da muke dubawa: ƙafa doguwa, ciki a ɗame, ƙirji mai zurfi ba mai faɗi ba, tafin ƙafa a dunƙule mai tauri. Bayan wannan sai ka tambayi wace ce uwarsa, wane ne ubansa, me suka taɓa kamawa, wa ya gani. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka ma kare.

Mai_Boabul_Abuja: Baba da girmanka, amma an raina Boabul da yawa a nan. Ina da guda uku a Kubwa. Manoman Afirka ta Kudu da suka samar da shi ba don ado suka yi ba, namun daji yake kora daga gona. Karen gida in ya ga gadu ya juyo da haure ai wutsiya yake sawa tsakanin ƙafa.

Sarkin_Yawo: Oga, kora daban kamu daban. Ni ma ina korar akuya daga shagona amma ban taɓa cim mata ba.

Dalibin_Daji: Kafin a yi nisa, akwai abin da ya kamata a warware, don shi ne ya rikita @Dan_Gangare. Dabbar da ka gani a bidiyon Amurka ba barewarmu ba ce, sunan kawai muka ara mata saboda ba mu da wani. Waccan ƙahonta reshe-reshe ne kamar itace, namiji ke da shi, kuma duk shekara yana zubewa wani ya fito. Irinta babu a dajin Najeriya, duk Afirka ma sai can tsaunukan Atlas wajen Aljeriya da Tunisiya. Tamu barewar, da gada, da mazo, da mariya, da gwanki, dangin akuya da shanu ne, ƙahonsu ba ya reshe kuma ba ya zubewa.

Me ya sa wannan ya shafi kare? Waɗancan masu dogon kunnen ba kamawa suke yi ba. Da hanci suke bin sawu cikin kurmi mai danshi, suna haushi don maharbi ya san inda aka nufa, ya tare gaba da bindiga. Ko a Amurkan ma ba ko'ina aka yarda da haka ba, yawanci wasu jihohin kudu ne. Ingila kuwa tun dokar 2004 aka hana sakin garken karnuka su kori naman daji. Mu nan kare ne ke kora kuma shi ke kamawa. Aiki biyu ne mabambanta.

Dan_Gangare: Ikon Allah. Wallahi na ɗauka duk barewa barewa ce.

Baba_Mai_Karnuka: Ɗalibi ya yi gaskiya, kuma bari in ƙara maka wata. A shekara biyun da ka yi kana bin yaran nan, ka taɓa ganin barewa da idonka? Ja-ja, mai baƙin zane a haƙarƙari, farin ciki? Ka faɗi tsakaninka da Allah.

Dan_Gangare: Gaskiya Baba sau ɗaya aka kama wata 'yar ƙarama, launin toka-toka, da ɗan tukku a tsakanin ƙaho. Suka ce barewa ce.

Baba_Mai_Karnuka: Gada ce. Wannan tukkun shi ne shaidarta. Yaran yanzu duk abin da ke da kofato barewa ne a wurinsu. Barewa dabbar fili ce, ƙasar yashi da ƙaya, can Borno da Yobe da Nijar. Mu nan ƙasar dutse ce da kwazazzabo da kurmin bakin rafi. Abin da za ka tarar, in ka yi sa'a, gada ce, sai mazo a inda kurmi ya yi duhu. Gada ba ta miƙe gudu. Za ta tashi daga ƙarƙashin ƙafarka, ta yi zamiya biyu, ta faɗa sarƙaƙiya ta lafe. Karen da ba shi da hanci zai tsaya yana ta waige-waige kamar baƙo a kasuwar Taminus ta Jos.

Dan_Abalak: Salamu alaikum. Ni mutumen Nijar ne, aikin gadi ya kawo ni Jos. Karen barewa na gaskiya wurinmu yake, shi ne Turawa sunka sa ma Azawak, sunan yankin da ke tsakaninmu da Mali. Buzaye na ce mai oska. Siriri ne, kana ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa, wanda bai sani ba sai ya ce yunwa ce, alhali halitta tai ce hakanan. Da ido yake farauta. In ya hango barewa a fili, ba haushi ba komi, sai dai ka ga ƙura biyu, ɗaya na bin ɗaya. Da muna yara munka sha ganin haka. Kuma dare ya yi shi ka tsaron zango, ba ya yarda da baƙo.

Amma ban ba ka shawara ka kawo shi nan ba. Na farko sanyinku. Gashinsa ɗan kaɗan ne, ba kitse, sanyin Disamba na Jos sai ya sa shi makyarkyata har safe. Na biyu dutse. Ƙafar da ta saba da rairayi in ta sheƙa bisa dutsen nan naku, yini ɗaya tafin ya tsage. Na uku, Buzu na ƙwarai ba ya sai da shi kamar akuya, kyauta akan ba wanda anka yarda da shi. Wanda za a kawo maka kasuwa a ce Azawak ne, sau da yawa karen gari ne da ya rame.

Sarkin_Yawo: "Karen gari ne da ya rame." Na mutu.

Injiniya_Bukuru: Ni na yi kuskuren da kake shirin yi, bari in ba ka labari ka huta. Shekarun baya na sayi Kokeshiyan, irin masu gashi kamar tunkiyar Turawa. Jos da sanyi, yana ta walwala a gida, kowa ya zo sai ya ɗauke shi hoto. Ran nan abokai suka ja ni farauta ta gangaren Jengre. Kun san da ka sauka daga kan tudu zafi daban ne. Tun ƙarfe goma sha ɗaya ya fara haki, yawu na dalala kamar igiya. Ƙarangiya da ƙaya suka cika gashin nan har ba ka gane launinsa. Zomo ya tashi a gabansa, wallahi kallo ya bi shi da shi. Ƙarshe ruwan shanmu muka juye masa a ciki da hammata, muka yanki itace biyu muka ɗaura buhu, mu huɗu muka ɗauko shi kamar gawa har bakin titi. Wani tsohon maharbi da muka gamu da shi ya leƙa buhun ya ce, "Wannan wane irin nama ne kuka samo?" Har yau abokaina ba su daina min wannan tambayar ba.

Mai_Boabul_Abuja: Wannan ai Kokeshiyan ne, na ƙasar ƙanƙara. Boabul gashinsa gajere ne, ɗan Afirka ne. Kar a haɗa.

Injiniya_Bukuru: Na yarda, amma nauyin fa? In ya ji ciwo a tsakiyar daji wa zai saɓo shi?

Dan_Pankshin: Mu a ƙasar Angas kare ba baƙonmu ba ne, kakanninmu da shi suka yi farautar dutse. Ba wanda ya taɓa tambayar sunan iri. Ɗan madaidaicin kare ne, ja ko mai ruwan ƙasa, kunne a tsaye, wutsiya a lanƙwashe. Yana hawa dutse kamar akuya, ya shiga kogo ya fito. Kuma ba a zuwa da ɗaya. Akwai mai hanci da ke tayar da nama, akwai masu gudu da ke tarewa, akwai mai zuciya da ke riƙewa. Ɗan'uwa, kare ɗaya ko na miliyan ne ba zai yi maka aikin uku ba. In kana son ganin karnuka iri-iri ka zo kasuwar Dawaki a Kanke ranar Alhamis, idonka zai ƙoshi.

Likitan_Dabbobi: Ya je kallo, amma don Allah kar ya sayo na farauta a can. Ba raini ba ne @Dan_Pankshin, kai ma ka san yawancin karnukan da ake tarawa a wannan kasuwa na nama ne, daga jihohi daban-daban har da ƙetare, a cunkushe a keji ɗaya, ba mai iya gaya maka wanne aka yi wa allura. Karen da ke ɗauke da ciwon hauka zai iya yin makonni lafiya lau kafin ya nuna.

Tunda an zo nan bari in faɗi nawa. Kowane iri ka zaɓa, abin da ke kashe karnukan mafarauta a teburina ba ƙahon mazo ba ne, sakaci ne. Ɗan kwikwiyo kar a raba shi da uwa kafin sati takwas. Daga sati shida zuwa takwas a fara allurar da ke kare shi daga ciwon nan na amai da gudawar jini, a maimaita yadda likita ya tsara. Wannan ciwo shi ke share 'yan kwikwiyo gida guda cikin sati, kuma na Turawa irin su Rotwaila sun fi saurin faɗuwa. Wata uku a yi ta ciwon hauka, sannan duk shekara. Mu da ke da cibiyar binciken dabbobi ta Vom a bayan gida, wadda ke nan tun 1924 kuma ake yin wannan allurar a cikinta, ba mu da uzuri. Karen daji yana gamuwa da dila da yanyawa, ya dawo ya lashi hannun yaranka.

Sai kaska. Duk dawowa daga daji a duba kunne, tsakanin yatsu, da hammata. Kaska na sa musu ciwon da ke cinye jini, za ka ga dasashi ya yi fari, fitsari ya yi ja, kare ya ƙi abinci. In kuna gangarawa kurmin da ke da tsando, sammore ma na kama kare, ido ya yi fari kamar an shafa madara. A nan ne na gida ya yi wa na waje fintinƙau, jininsa ya saba da ƙasar. Ba wai ba ya kamuwa ba, ya fi jurewa ne.

Dan_Pankshin: Likita ban musa ba. Ni ma nawa a ƙauye na karɓo wajen kawuna, ba a kasuwa ba.

Uwar_Biyu: Ni ba mafarauciya ba ce, maigidana ne ke cikin zauren nan nake leƙawa ta wayarsa. Tambayata ɗaya ga Dan_Gangare: ina za ka ajiye shi? Farauta wata uku ce ko huɗu a shekara, sauran watannin fa? Unguwarmu akwai mai karnuka bakwai a gidan haya, dare ya yi ba mai barci, da safe yara na tsoron fita makarantar allo. Bara ɗaya ya ciji ɗan maƙwabciyata a ƙauri, aka yi ta yawon neman allura, kuɗi ba kaɗan ba, mai karen ko sannu. Ku riƙa tunawa da mu.

Likitan_Dabbobi: Hajiya ta taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Duk wanda kare ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti ranar. Ba a jira a ga ko karen zai haukace, ba a tsaya ɗaura gashinsa a ciwon. In alamu suka bayyana a jikin mutum, magani ya ƙare.

Dan_Gangare: Hajiya gaskiya ne. Muna da gona ta hanyar Babale da ɗan ɗaki, ƙanena na kwana can. Nan na yi niyyar ajiye shi.

Abu_Fatima: Ni duk ban ga amfanin wannan dogon zance ba. Musulmi da kiwon kare? Mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare, kuma kuɗinsa haram ne.

Malam_Na_Rikkos: Abu Fatima, a yi a hankali. Hadisin da ya ce ladan mai ajiye kare na raguwa kullum, shi da kansa ya togace karen farauta, da na kiwo, da na gona. Kuma aya ta 4 cikin Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo mana, tare da ambaton sunan Allah. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim an yi bayani: ka saki horarren karenka da bisimilla, in ya kashe kafin ka iso ka ci, in ka tarar da rai ka yanka. In ka tarar da wani karen daban tare da naka, ba ka san wanne ya kashe ba, kar ka ci, don a kan naka ka yi bisimilla. Idan karen ya ci daga naman, nan malamai suka saɓa, mazhabarmu ta Malikiyya ta sauƙaƙa, wasu sun hana.

Batun saye da sayarwa, hani ya zo a kan kuɗin kare, amma a kan wanda aka yi izinin riƙewa akwai saɓani har cikin Malikiyya. Shi ya sa dattawan mafarauta da yawa ba sa cewa sun sayar, sai su ba ka, kai kuma ka kai goro. Abin da zan ja hankali a kai shi ne kalmar horarre. Karen da in ka sake shi ya tafi, in ka kira shi ya dawo. Wanda ba ya jin kira, ko daga wace ƙasa aka kawo shi, bai cika sharaɗi ba.

Abu_Fatima: Allah ya ƙara sani Malam. Amma dai a cikin gida ban yarda ba.

Malam_Na_Rikkos: Ai gona ya ce.

Baba_Mai_Karnuka: Malam ya kawo ni inda nake so. Horo. Mutane na ta iri, iri, alhali rabin kare hannun mai shi ne. Ɗan kwikwiyo kai za ka riƙa ba shi abinci da hannunka, kunun dusa da ɗan ƙashi, kan kaza in an samu, ya san muryarka da fito ɗinka. Yana wata uku ka fara ja masa fatar zomo a igiya, ka ɓoye a ciyawa ya nemo. Wajen wata bakwai ko takwas sai ya fara bin manya, ba don ya kama ba, don ya gani. Tsohuwar karya ita ce makarantar, abin da za ta koya masa a fita biyar kai ba za ka koya masa a shekara ba.

Kuma tun yana ƙarami ka ɗaure shi kusa da awaki, in ya zabura ka kwaɓe shi. Wannan kar ka yi wasa da shi. Na taɓa yin wani jan kare, Ƙyale-su, gudu kamar iska, hanci ba dama, amma ban hana shi akuya da wuri ba. Ran nan muna dawowa hannu rabbana, ya hangi tumakin wani Bafulatani a gefen rafi, kafin in buɗe baki ya kayar da tunkiya mai ciki. Muka wuni a gaban mai unguwa. Na biya, na ba da haƙuri, na ƙara da rantsuwa. Wancan zamanin ke nan da ake gama magana a zaure. Yau a Filato kare ya kashe dabbar wani, kai ka san ba a nan za ta tsaya ba.

Gwani_Toro: Baba ka tuna min da Guguwa. Karyata ce, baƙa mai farin ƙirji, 'yar gida tsantsa, ita ce mai tayar mana da nama shekara shida. Wata safiya da raɓa, lokacin da hanci ya fi kamawa kafin iskar hunturu ta busar da ƙasa, ta shiga wani kurmi ta yi tsit. Can sai muka ji kara na karyewa, namijin mazo ya fito, wani yaro ya jefe shi da gora ya same shi a cinya. Maimakon ya gudu sai ya ja da baya ya jingina da sarƙaƙiya, ya sunkuyar da kai, ƙahon nan masu murɗiya suna kallonmu. Tsofaffin karnuka suka tsaya nesa suna zagaye suna haushi. Wani matashin kare, rabinsa karen 'yan sanda, mai shi na ta alfahari da shi tun a mota, ya faɗa kai tsaye. Sau ɗaya mazon ya ɗaga kai. Ciki ya farke, kafin mu kai shi titi ya mutu. Guguwa ko ƙwarzane ba ta yi ba, kuma mazon ya tsere. Don haka @Mai_Boabul_Abuja, zuciyar da kake yabo ita ke kashe kare a daji. Wanda ya san lokacin ja da baya shi ke tsufa.

Mai_Boabul_Abuja: To a yi gauraye mana. Uwa 'yar gida, uba Girehawun ko Saluki. Girehawun na kai kusan kilomita 70 a awa, ba karen da ya kai shi. A samu gudun uba da juriyar uwa.

Dalibin_Daji: Gudun nasa na ɗan taƙi ne, a fili mai laushi, minti ɗaya ya ƙare. Saluki ya fi shi dogon numfashi, shi Larabawa suka yi farautar barewa da shi tun zamanin da. Amma gauraye caca ne, kana iya samun gudun uwa da lalacin fatar uba.

Ni dai akwai abin da ke damuna tun farkon zancen nan, kuma na san ba za a so shi ba. Muna ta zaɓen kare, naman fa? Barewa mai jan goshi tana cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazana a duniya. Gadar dutse, wadda ke tsalle a kan duwatsun Filato a kan tsinin kofato, irin tamu ta nan ba ta da yawa a ko'ina, yau mutum nawa a zauren nan suka taɓa ganinta? Kuma Dan_Gangare, hanyar da kuke bi ta Gumau in kuka zarce kuna shiga gandun Lame-Burra ne, wurin da doka ta hana farauta, kamar Yankari da Pandam. Akwai dokar dabbobi masu ƙarewa tun 1985, an ƙara mata tsanani a 2016. Yaranmu sai dai mu biya kuɗin ƙofa a gidan namun daji na Jos mu nuna musu abin da kakanninsu ke gani a bayan gari.

Gwani_Toro: Ɗalibi, kullum mafarauci ake zagi. Mai gawayi da ya kwantar da daji fa? Mai haƙar ma'adini? Mai gonar da ta cinye kurmin rafi? Mu da gora da kare nawa muke kashewa a shekara?

Dalibin_Daji: Duk suna da laifi Gwani, ban ware ku ba. Amma in motoci uku suka sauke mutum ɗari da karnuka ɗari biyu aka cinna wa daji wuta, ko ɓera ba ya tsira.

Baba_Mai_Karnuka: A nan ina bayan yaron. Iyayenmu ba sa fita da damina, lokacin da nama ke da ciki ko goyo. Sarkin Baka ne ke sa rana, wanda ya riga ranar a ci shi tara. In kare ya kama ɗan gada mai shan nono kunya ce, ba abin kirari ba. Yanzu kowa sarkin kansa ne. Ni rabona da sakin kare a kan mazo na manta, zomo da gyazbi nake bi, su ba sa ƙarewa, manoma ma godiya suke yi.

Direban_Bauchi_Road: Kuma a kula da tafiye-tafiye da karnuka da bindigar toka a mota. Tun abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, da aka kashe mafarauta 16 a hanyarsu ta komawa Kano, ni ba na ɗaukar mai kare sai na ga katin ƙungiya da takardar bindiga. Allah ya jiƙansu.

Shugaban_Zaure: Amin. Amma a tsaya a kan kare don Allah, mun san inda wancan zancen ke kai mu.

Sarkin_Yawo: To a taƙaice dai: Buzu ya ce nasa ya fi amma kar a saya, Oga na Abuja ya ce nasa ya fi kuma yana da na sayarwa, Ɗalibi ya ce ba barewar ma. Dan_Gangare ka sayi akuya ka huta.

Mai_Boabul_Abuja: Ni ban ce ina sayarwa ba. Amma in ana so akwai.

Dan_Gangare: Na gode ƙwarai jama'a, na fasa Boabul ɗin, ko da yake mutumin ya kira ni sau uku yau har ya rage kuɗi. Abin da ban gane ba har yanzu: tunda gada ce a gabana ba barewa ba, mai hanci zan fara nema ko mai gudu? Kuma mace ko namiji? Na ga wani ɗan ƙarami mai dogon kunne da ake kira Bigul, an ce hancinsa ba na wasa ba ne.

Likitan_Dabbobi: Bigul na da hanci, don zomo aka yi shi a Ingila. Amma in ya ɗora hanci a sawu kunnensa toshewa yake, ka yi ta kira. Kuma dogon kunne a dajinmu gidan kaska ne da ƙaya.

Gwani_Toro: Mace, mai hanci. Masu gudu abokanka suna da su.

Dan_Pankshin: Namiji dai. Mace sau biyu a shekara za ta tara maka karnukan ƙauye bakwai a gona, in ta ɗauki ciki kuma wata biyu da ɗoriya ba fita, sannan ga shayarwa. In ya faɗo daidai lokacin farauta shekararka ta tafi.

Baba_Mai_Karnuka: Ku bar shi ya gani da idonsa. Karyata Duna ta haihu sati uku ke nan, guda biyar, uban na wani abokina ne a Tilden Fulani, shi ma na san aikinsa. Ka zo bayan sallar Juma'a ka zauna ka kalle su. Zan jefa fatar zomo a bayan rumbu, wanda ya fara sa hanci a ƙasa ya nufi wajen, ka sa masa ido. Ba yanzu za ka ɗauka ba, sai sun cika sati takwas ɗin da Likita ya ce, kuma sai na ga ɗakin da za ka sa shi. Ka taho da goro.

Dan_Abalak: Baba in akwai saura a aje min guda. Wurin gadin nan ɓeraye sun ishe ni.

Mai_Boabul_Abuja: Duk da haka ina nan a kan bakana, ranar da kuka gamu da gadu za ku neme ni.

Gwani_Toro: Gadu rami yake shiga da baya, Oga. Naka ko kansa ba zai shiga ba.

Dan_Gangare: Baba na turo maka saƙo ta ciki, a ba ni kwatance. Goron fari ko ja?